Ni da Baffa a Alhamra

Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke birnin Garnaɗa a kudancin Sifaniya, ba wurin da mutum zai wayi gari ya ce bari in je in leƙa ba ne. Wanda ya sauka Garnaɗa hannu rabbana, ba tikiti, sau da yawa daga tsallaken kogi zai hange ta ya juya. Sama da mutum miliyan 2 ke shiga wurin a shekara, hukumar da ke kula da shi kuwa ta ƙayyade adadin masu shiga a kowace rana, don haka lokacin da Turawa ke hutu tikitin kan ƙare tun ana saura makonni. Da sunanka yake fitowa da lambar fasfonka, a ƙofa kuma sai an duba an ga sun dace, kuma fasfon na ainihi ake so a hannunka. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, wajen Yuro 20 ne a shafin hukumar kanta, sai dai da ka nemi wurin a intanet 'yan kayi-nayi ne za su fara tare ka, su ninka kuɗin da sunan za su haɗa ka da jagora. Babban abin lura shi ne lokacin da aka buga a jikin tikitin. Wannan lokacin na shiga fadojin sarakunan Banu Nasr ne, gidan sarautar da ya gina wurin, kuma in ka makara ka rasa. Ba roƙo, ba "yallaɓai a taimaka".

Ni ba don kaina na shiga wannan lissafi ba. Baffana, ƙanin mahaifina, tsohon alƙali ne da ya ajiye aiki, ya zo duba ni a Madrid inda nake karatu. Na jero masa wuraren da ake kai baƙi, har da filin wasan Real Madrid. Ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, Garnaɗa da nisa daga nan?"

Na ce, "Baffa, sa'a uku da rabi ce a jirgin ƙasa."

Ya ce, "To can za mu."

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san aikin da ya yi. Alƙalan kotunanmu na shari'a sun san Tuhfatul Hukkam, waƙen nan mai baiti kusan 1,700 a kan hukunce-hukunce bisa mazhabar Malikiyya, wadda wasu ke haddacewa tun suna ɗalibai. Mai ita, Abubakar ɗan Asim, alƙalin alƙalan Garnaɗa ne, ya rasu a 1426, lokacin da sarakunan da ya yi wa aiki ke zaune a cikin Alhamra. Baffa ya shekara da shekaru yana yanke hukunci da baitocin mutumin, yana son ya taka ƙasar da aka rubuta su.

Ga wanda zai taso daga gida, Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuɗin bizar Yuro 90 ne, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A nan akwai ɗan rikici: tikitin Alhamra ba a mayar da kuɗinsa, ga shi kuma in ka ce sai biza ta fito za ka saya, wataƙila ka tarar ranakunka sun cika. A ganina gara a saya da wuri. Asarar Yuro 20 ta fi sauƙi a kan mutum ya biya kuɗin jirgi tun daga Kano ko Yamai ya zo ya tsaya a bakin ganuwa.

Mu a watan Mayu muka je, kuma shi nake ba kowa shawara, ko kuma Oktoba. A Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 40, da hunturu kuwa garin na da sanyi mai shiga ƙashi, domin yana gindin duwatsun Siyera Nebada ne, kusan mita 700 sama da teku. Daga Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe a rufe 8:00 na dare, sauran watanni kuma 6:00 na yamma ake tashi.

Masu ba da shawara kusan bakinsu ɗaya: ka nemi lokacin farko, 8:30, ka shiga fadoji kafin jama'a su cika. Ban bi su ba, na ɗauki 12:00 na rana. Gwiwar Baffa na cikin dalili, ba na son in tayar da dattijo ya yi ta sauri a kan tudu. Amma babban dalilin shi ne Alhamra sansanin yaƙi ce kafin ta zama fada. Wanda ya fara da ɗakunan ado, idonsa ya ƙoshi da zane, in ya zo ga tsohon sansanin sai ya ga kango kawai, ya ɗauki hoto ya wuce. Na so mu bi ta yadda aka gina ta: ganuwa da hasumiya tukuna, sannan fada, sannan lambu. Wannan tsari kuma ya dace da shimfiɗar wurin. Tsawonsa ya haura mita 700 a kan doron tudun Sabika, sansanin na can ƙuryar yamma, lambunan Janaralife na gabas, kowane sashe kuma sau ɗaya tikiti ke shigar da kai. In ka fara daga yamma ka miƙe gabas ba ka da komowa baya.

Matasa kan hau da ƙafa daga dandalin Plaza Nueva, ta wata hanya mai tudu da ke ratsa kurmi. Mu ƙaramar bas muka shiga, mai lamba C30, ta sauke mu kusa da Ƙofar Shari'a. Mai tikiti a hannu ba ya bukatar zuwa babbar mashiga ta can sama inda motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa, wadda daga ita zuwa fadoji tafiyar kusan kwata ce.

A bakin ƙofar nan Baffa ya manta da gwiwa. Hasumiya ce ja, ƙatuwa, a saman bakanta na waje an sassaƙa tafin hannu, a na ciki kuma makulli. Akwai rubutu a kan farin dutse, ya gyara tabarau ya bi shi a hankali: Sarki Yusufu na Ɗaya ne ya sa aka gina, aka gama a watan Maulidi na shekarar 749 ta Hijira, wato 1348. Sama da rubutun akwai mutum-mutumin Maryama da ɗanta da sababbin masu gari suka kafa daga baya. Tsakanin bakan waje da na ciki an bar sarari a buɗe ta sama, domin duk wanda ya zo fasa ƙofa a zubo masa duwatsu daga bisa. Da ka shiga kuma hanya ba ta miƙe ba, ta karya nan, ta karya can, ta sake karyawa cikin duhu. Baffa ya yi dariya ya ce, "Ai zaure ne." Haka ne kuwa, sai dai zauren gida ido yake tarewa, wannan kuwa doki da mashi aka yi shi ya tare, don mahayi ba zai iya sukuwa ya ratsa ba. Bayan ƙofar akwai wani bango da aka gina da wasu dogayen duwatsu masu zane a gefe. Duwatsun kaburburan Musulmi ne, waɗanda aka kwaso bayan an rufe maƙabartun garin. Baffa ya tsaya ya yi addu'a, jama'a na ratsa mu ta ko'ina.

Tsohon sansanin, Alkasaba, shi ne inda na fi son mutum ya ɓata lokaci, kuma shi ne inda mutane suka fi gaggawa. Akwai ganuwa a wurin tun ƙarni na 9, amma abin da ake gani yau aikin Muhammadu ɗan Ahmar ne, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, ya fara gini a 1238. Ka dubi shekarun da ke kewaye da wannan za ka gane halin da yake ciki. A 1212 sarakunan Kirista sun karya rundunar Muwahhidai, daular Musulmi mai mulkin yankin a lokacin, a Las Navas de Tolosa. A 1236 Ƙurɗuba ta faɗi. A 1246 shi kansa ɗan Ahmar ya miƙa Jayyan, ya yi mubaya'a ga Sarki Farnando na Uku na Kastila, ya yarda zai riƙa biyan gandu na marabedi (kuɗin Kastila) 150,000 duk shekara. Bayan shekara biyu, da Farnando ya kewaye Ishbiliya, da dawakin ɗan Ahmar a cikin masu kewayen. Ana ba da labari cewa da ya komo mutanen gari suka tarye shi suna kiransa mai galaba, shi kuwa ya amsa da cewa babu mai galaba sai Allah. Ko haka aka yi ko ba haka ba, wannan kalma, wala galiba illallah, ta zama taken gidansu, kuma za ka gan ta a bango sau ba adadi.

Mutumin da ya sayi zaman lafiya da irin wannan farashi ya san ba a dogara da alkawarin maƙwabci, shi ya sa ya hau tudu. Ganuwar ba ta sassaƙaƙƙen dutse ba ce. Jar ƙasar tudun ce da tsakuwa da farar ƙasa, ana zubawa tsakanin alluna a daɓe, in ta kama a ɗaga allunan a ci gaba. Gini ne mai arha da sauri, ya kuma jure shekara kusan 800. A tsakar sansanin ana ganin harsashin gidajen dakaru, ƙanana, a manne da juna, da gidan wanka da rumbun ruwa, da wasu ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki inda ake ajiye hatsi, wani lokaci kuma fursunoni. Na bar Baffa zaune a inuwa na hau Hasumiyar Tsaro, Torre de la Vela, mai tsawon kusan mita 27. Matakalar matsattsiya ce, mai hawa da mai sauka sai sun yi wa juna haƙuri. Ba ta dattawa ba ce sam.

Daga sama komai ya fito fili. Ta arewa kwarin kogin Darro ne, a tsallakensa unguwar Albaisin da fararen gidajenta. Ta kudu maso gabas duwatsu ne, da sauran ƙanƙara a kansu har a watan Mayu. Ta yamma kuma fadamar Garnaɗa ce a shimfiɗe, wadda ita ke ciyar da birnin. A cikin fadamar nan, tafiyar kilomita goma da ɗoriya, akwai garin Santa Fe. Asalinsa sansanin Farnando na Aragon da Isabela ta Kastila ne, da suka gina da tubali a 1491 don mutanen birni su gane ba tashi za a yi ba. Kiristoci ba da hawan ganuwa suka ci Alhamra ba. An ci garuruwan da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya da igwa, Malaga a 1487, Baza da Almeriya a 1489, aka ƙone amfanin fadama, aka zauna jira. A cikin gida kuwa Sarki Abul Hasan Ali da ƙaninsa Zagal da ɗansa Abu Abdullahi suna ta yaƙar juna a kan gado. An kama Abu Abdullahi a Lusena a 1483, Farnando ya sake shi da gangan don ya koma ya ci gaba da rigima da danginsa. Ranar 2 ga Janairu 1492 ya miƙa makullai, aka kafa gicciye da tutoci a kan wannan hasumiya da nake tsaye. A wannan shekara Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano.

Da na sauko na kwashe wannan na faɗa wa Baffa. Ya ce, "Uba da ɗa da baffa?"

Na ce, "Su uku, Baffa."

Ya girgiza kai. "Na raba gadon da bai kai akuya goma ba an yi haka. Ina ga mulki."

Sauran lokacin kafin 12:00 a fadar Sarki Carlos na Biyar muka cinye shi, wadda ba a biyan ko sisi a shiga. An fara ta a 1527, waje murabba'i, ciki da'ira mai ginshiƙai hawa biyu, ta zauna ba rufi har ƙarni na 20. Ni a idona ta yi wa wurin nauyi, an dasa ta ne a jikin fadojin Musulmi don a nuna wa ke da gari. Amma in za a yi adalci, mayar da Alhamra gidan sarautar Sifaniya shi ya hana a rushe ta, ya sa aka riƙa gyara. Ɓarna mafi muni sojojin Napoleon ne suka yi, da za su janye a 1812 suka tashi wasu hasumiyoyi da albarushi. A ƙasan fadar akwai gidan adana kayan tarihi, shi ma kyauta, ban da Litinin da yake rufe, akwai kuma wurin zama da inuwa. Kusa da nan ne ake ajiye manyan jakunkuna, domin ba a shiga fadoji da su, ƙaramar jakar goyo ma sai ka juyo da ita gaba.

Mun shiga layi saura kwata. Aka duba fasfo, aka duba tikiti, muka faɗa Mashwar, inda sarki ke zama da majalisa ana sauraron ƙararraki. Ɗakin ya sha canji, har coci aka mayar da shi, amma a ƙuryarsa akwai ɗan masallaci da ya karkace daga layin ginin don ya fuskanci alƙibla, tagoginsa na kallon Albaisin. Kallo kawai ake yi daga bakin ƙofa, ba a salla a ciki.

Daga nan aka ratsa wani lungu mai duhu, sai ga mu a farfajiyar Komares. Tafki ne dogo, mita 34, ruwan a kwance lumui, hasumiyar da ke gabansa ta faɗo ciki ƙafa a sama. Daga waje wannan hasumiya ta yaƙi ce, mita 45, bangonta da kaurin da tagoginta suka zama ƙananan ɗakuna. A cikinta kuwa zauren karɓar jakadu ne na Yusufu na Ɗaya. Rufin katako ne, guntaye sama da 8,000 aka harhaɗa suka ba da taurari hawa-hawa, sammai bakwai. Wata jagora na gefe tana yi wa ayarinta bayani da Turanci. Baffa bai ji me take cewa ba, ya ɗaga kai ya bi rubutun da ya kewaye gindin rufin, sai na ji ya fara, "Tabarakallazi biyadihil mulku." Suratul Mulk ce, surar da ta ambaci sammai bakwai hawa-hawa. Rufin fassarar surar ce da katako. Ya karance abin da idonsa ya kai, sauran ya cike da ka. Wasu daga ayarin suka bar jagorarsu suka juyo suna saurare, wani dattijon Bature ya tambaye ni ko malamin jami'a ne. Na ce alƙali ne, ya ce to ai a gidansa yake.

A nan na ga ribar da mai karatun allo ke da ita a kan sauran baƙi. Yawancin masu shiga ado suke gani, alhali bangon magana yake yi. Akwai ayoyi, akwai addu'o'i gajeru irin su albarka da lafiya dawwamamma, akwai kuma waƙoƙi da ginin ke yabon kansa da bakinsa, taga ta ce ni ce kaza, alkuki ya ce ni ne kaza. Rubutun Kufi mai kusurwa yana ba da wuya, Baffa ma yakan tsaya ya yi ta juya kai, amma mai lanƙwasa duk wanda ya sauke Alƙur'ani zai tsinci abubuwa da yawa. In da wanda zai je, ya ware lokacin karatu a lissafinsa. Da ka shiga ba mai korarka har a tashi, lokacin shiga kawai aka ƙayyade. Taɓa bango ne ba a yarda ba, masu gadi kuma idonsu biyu.

Abin da ya ba ni mamaki da na matsa kusa shi ne kayan aikin. Farar ƙasa ce aka zuba a mazubi aka sassaƙa, sai katako, sai fale-falen tangaran. Marmara kaɗan ce, a ginshiƙai da daɓe. Ƙaramar daula ce mai biyan gandu, ba ta da dukiyar Ƙurɗuba ta zamanin halifofi, sai ta sa gwanintar hannu da lissafi da waƙa a inda kuɗi suka gaza. Wanda ya fara ganin gidajen dakaru da ramukan fursunoni ya fi gane wannan: mutanen da suka yi adon nan sun san abin da ke bayan ganuwa.

Abin da ke cikin ganuwar ma bai fi sauƙi ba. Yusufu na Ɗaya a masallacin Alhamra aka soke shi yana sallar Idi a 1354, inda cocin Santa Mariya take a yanzu. Ɗansa Muhammadu na Biyar an tumɓuke shi a 1359, ya gudu Fas ta Maroko, ya dawo ya karɓi gadonsa a 1362, ya yi mulki har 1391. Wazirinsa, Lisanuddin ɗan Haɗib, malami ne, likita, marubucin tarihi, abokin Ibn Haldun. Da ya ga iska ta juya ya tsere Maroko, aka bi shi da tuhumar zindiƙanci, aka shaƙe shi a kurkukun Fas a 1374. Cikin waɗanda suka je don a hukunta shi har da almajirinsa, Ibn Zamrak, wanda ya gaji kujerarsa. Baitocin Ibn Zamrak ne aka fi sassaƙawa a bangon nan, shi ma kuma daga baya kashe shi aka yi a gidansa da umarnin sarki.

Muhammadu na Biyar ne ya gina Farfajiyar Zakuna, wadda hotonta ya fi yawo a duniya. Ginshiƙan marmara 124 sirara, a tsakiya kwano a bayan zakuna 12, ruwa na fita daga bakunansu yana bin magudanai huɗu da suka haɗa tsakar da ɗakunan gefe. A ɗakin da ake kira na 'Yan'uwa Mata Biyu rufin ya zubo ƙasa da dubban ƙananan kogunan farar ƙasa, haske na shiga ta tagogin da ke ƙarƙashinsa har ka rasa a kan me ya tsaya. Baffa ya yaba wannan ƙwarai. Zakunan ne bai sake da su ba, balle da muka shiga Ɗakin Sarakuna ya ga hotunan mutane goma masu rawani an zana a fata an manna a rufi.

Ya ce, "Ɗana, wannan Musulmi ne suka sa aka yi, ko bayansu?"

Na ce, "A zamaninsu ne, Baffa."

Ya yi shiru, can ya ce, "To malaman garin suna ina?" Ban da amsar da zan ba shi, shi ma ba ni yake tambaya ba. A ɗakin Banu Sarraj jagorori kan nuna wani jan tabo a kwanon ruwa su ce jinin 'yan wannan zuriya ne da aka yanka a nan. Tsatsa ce.

Janaralife gidan hutun sarakuna ne a wajen ganuwa, tafiya ce mai ɗan tsawo ga mai ciwon gwiwa, muka yi ta da zama-zama. Furanni ne da itatuwa, mafi yawan shukar ta zamanin nan ce, ba zan ja zance a kansu ba. Ruwan ne abin dubawa. Tudun Sabika ba shi da idon ruwa. Ɗan Ahmar ya sa aka tare kogin Darro can sama, wajen kilomita 6, aka jawo ruwan ta magudana a jikin dutse da ɗan gangare kaɗan, ya ratsa lambun nan, ya haye kwari a kan gada ya shiga Alhamra. Ba inji, ba famfo, gangare kawai. Da wannan ruwa dakaru suka sha, aka yi wanka, aka cika tafkuna, zakuna suka yi ta tofarwa. Ba don shi ba da tudun bai wuce wurin gadi ba. A can sama akwai wata matakala da ruwa ke gangarowa ta cikin kafaɗunta biyu. Ni kaɗai na hau.

Maganar salla da abinci tun a Madrid na tsara ta. A cikin Alhamra ba wurin salla, amma a watan Mayu azahar sai bayan 2:00, la'asar wajen 6:00, magariba kuwa sai 9:00 ta gota, ga mu matafiya. Daga babbar mashiga bas mai lamba C32 ta kai mu Albaisin, muka haɗa azahar da la'asar a Babban Masallacin Garnaɗa. An buɗe shi a 2003, bayan garin ya yi kusan shekara 500 ba a kira salla a fili ba, kuma Sifaniyawan da suka musulunta ne suka jagoranci gina shi. Yarjejeniyar miƙa garin ta 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin masallatansu da alƙalansu, amma ba a cika shekara goma ba aka tilasta musu shiga Kiristanci, zuriyarsu kuma aka kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Lambun masallacin na kallon Alhamra gaba da gaba, kuma ya fi dandalin San Nikolas da ke jikinsa sarari, inda masu jita da masu hoto suka cika.

Cikin iyalan da suka bar garin zuwa Fas a shekarun faɗuwarsa akwai na wani yaro, Hasan Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. Shi ne daga baya ya rubuta bayanin Afirka da aka buga a Benis a 1550, a ciki har da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Tun kafinsa ma wani mawaƙin Garnaɗa, Abu Ishaƙ Sahili, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya bi shi Mali, ya rasu a Tambutu a 1346.

Abinci kuwa a yi hattara. A Garnaɗa in ka sayi abin sha sukan haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Mu mun gangara titin Calderería Nueva, inda shagunan 'yan Maroko suke jere, muka ci kuskus da naman rago, aka kawo shayi da na'ana'a. Baffa ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa, ya ce in duba masa nisan Ƙurɗuba. Na ce jirgin da zai mayar da mu Madrid ta nan yake bi, bai kai sa'a biyu ba, sai dai ya sani babban masallacin can coci ne yanzu, ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi na tsayar da duk wanda ya gwada.

Ya ce, "Na ji. Shi ma da fasfo ake shiga?"

Na ce zan duba.

Ya ce, "Duba yanzu, kada ya ƙare."